Gelik na Ayilan da na Sikotilan: wanne za ka kama?

Ɗan uwa, tambayarka rassa uku gare ta. Ka ce ka ga harsuna biyu a manhajar koyon harsuna ta Duolingo duk ana ce musu Gelik, kana so ka san ko abu ɗaya ne, wanne ya fi sauƙin koyo, wanne kuma zai yi tsawon rai don kada ka sha wahalar banza.

Ba abu ɗaya ba ne, amma 'yan ɗaki ɗaya ne. Su uku ne ma: Gaeilge a Ayilan, Gàidhlig a Sikotilan, sai autansu Gaelg a Tsibirin Man. Duka daga tsohon harshen Ayilan suka fito, kuma har cikin ƙarni na 17 mawaƙan fada na Ayilan da Sikotilan da rubutaccen harshe ɗaya suke tsara waƙa. Yanzu tazarar ta wuce ta Kananci da Sakkwatanci nesa ba kusa ba. Mutumin Donegal a arewacin Ayilan zai iya lallaɓawa ya gane mutumin tsibirin Islay na Sikotilan, amma ka haɗa ɗan Kerry a kudancin Ayilan da ɗan tsibirin Lewis a arewacin Sikotilan, sai dai su koma Turanci. A rubuce kuwa kallo ɗaya ya isa: ɗan layin da ke kan wasali a Gaeilge dama yake kwantawa, kamar á, a Gàidhlig kuma hagu, kamar à.

Wajen wahala, inda suka haɗu ya fi yawa. Aikatau ne ke fara jimla a dukkansu. Ba su da kalmar "i" ko "a'a". In an tambaye ka ko ka ci abinci, aikatau ɗin za ka maimaita, ka ce na ci ko ban ci ba. Abin da ya fi ɗaure wa sabon ɗalibi kai shi ne farkon kalma yana sauyawa. A Gaeilge jirgin ruwa bád ne, jirgina mo bhád, jirginmu kuma ár mbád, inda b ɗin ke nan a rubuce amma ba a furta shi. Gàidhlig yana da sauyi irin na bhád, irin na mbád kuwa ba ya rubuta shi, aikatansa ma ba su kai na Gaeilge yawan siga ba. Don haka a watannin farko na Sikotilan ya ɗan fi sassauci. Gaeilge yana da ƙarin matsala: manyan karuruwan harshe uku ne, na yankunan Munster da Connacht da Ulster. Ko "yaya kake" sai ka zaɓa tsakanin Conas atá tú, da Cén chaoi a bhfuil tú, da Cad é mar atá tú. Gwamnati ta fitar da daidaitacciyar ƙa'idar nahawu da rubutu a 1958, amma ba ta tsayar da lafazi ɗaya ba. Shawarata, ka tsayar da kari ɗaya tun wuri, ka riƙa sauraron masu shi.

Sai maganar rai, inda alƙaluma ke ruɗar mutane.

In kan takarda ne, Gaeilge ɗan gata ne. Tsarin mulkin 1937 ya sa shi harshen ƙasa na farko, yara suna karanta shi dole a makaranta tun bayan kafa ƙasar a 1922, ya shiga jerin harsunan Tarayyar Turai a 2007. Yana da gidan rediyonsa, Raidió na Gaeltachta, tun 1972, da talabijin da aka buɗe a 1996 wanda yanzu ake kira TG4. A ƙidayar 2022 kusan mutum miliyan 1.9 suka ce suna iya magana da shi. To amma da aka tambayi masu yin sa kullum a wajen makaranta, sai adadin ya faɗo kusan 72,000. Wato yaro zai yi shekara 13 ko 14 yana darasi, ya ci jarrabawa, ya fito bai taɓa sayen burodi da harshen ba. Har a yankunan Gaeltacht, irin su Conamara da yammacin Donegal da zirin Dingle, inda ake shan harshen a nono, Turanci yana ta kutsawa tsakanin matasa. Abin da ya fi aiki a ganina bai fito daga ofis ba: makarantun Gaelscoil ne, inda lissafi da kimiyya duk da Gaeilge ake koyarwa, waɗanda galibi iyaye ne suka tashi tsaye suka nema tun shekarun 1970.

Gàidhlig bai ga wannan gatan ba. Dokar ilimi ta 1872 ko ambatonsa ba ta yi ba, kafin nan kuma an kori dubban masu shi daga gonakinsu don kiwon tumaki, da yawa suka ƙare a Kanada, shi ya sa har yau ake jin sa a Cape Breton. Gyara ya zo a makare: kwalejin Sabhal Mòr Ostaig a tsibirin Skye a 1973, azuzuwan firamare na farko da harshen a Glasgow da Inverness a 1985, dokar harshe ta 2005 da ta ba hukumar Bòrd na Gàidhlig ƙarfin doka, sai tashar BBC Alba a 2008. Masu magana da shi sun tashi daga kusan 57,000 a 2011 zuwa kusan 70,000 a 2022. Kada wannan ya rufe maka ido. A tsibiran yamma, cibiyar harshen kenan, masu jin sa sun sauka daga kashi 52 cikin ɗari zuwa 45 a tsakanin shekarun. Ƙarin daga birane ne da ɗalibai, ragin daga ƙauyuka. Wani bincike da Jami'ar Highlands and Islands ta fitar a 2020 ya ce masu amfani da shi yau da gobe a tsibiran kusan 11,000 ne, akasarinsu sun haura shekara 50.

Ciwon dai iri ɗaya ne, masu koyo na ƙaruwa, masu reno da harshen na raguwa. Sai dai na Sikotilan ya fi kusa da bakin rami, domin ba shi da ƙasa guda da ta jingina mutuncinta da shi.

Na Tsibirin Man kuwa labarinsa daban ne. Ned Maddrell, na ƙarshen waɗanda suka tashi da harshen, ya rasu a 1974, amma an riga an naɗi muryoyin tsofaffi tun 1948, bayan ziyarar firaministan Ayilan Éamon de Valera. Da UNESCO ta ce harshen ya mutu a 2009, yaran makarantar Bunscoill Ghaelgagh, wadda aka buɗe a 2001, suka rubuta mata wasiƙa da harshen. Yau sama da mutum 2,000 ke da wani sani a kansa. Ban ba ka shawarar farawa da shi ba, kayan karatunsa kaɗan ne.

In kana Ayilan, ko kana shirin kai iyali can kamar 'yan Najeriya da dama, babu wani dogon tunani: Gaeilge za ka kama, don yaranka za su dawo da aikin gida da shi. Ƙamusun teanglann.ie kyauta ne, kana danna kalma ka ji ta da karuruwa ukun, kuma cibiyar Oideas Gael a Donegal tana karɓar manya. In sha'awa ce kawai daga gida, ni Gàidhlig zan ce, saboda hanyarsa ta fi miƙewa: darussan SpeakGaelic kyauta ne daki-daki, Sabhal Mòr Ostaig kuma tana da kwas na masu farawa da ake yi daga nesa, tare da malamin da za ka riƙa magana da shi kowane mako. Duolingo ka bar shi a matsayin share fage. Kada dai ka haɗa biyun a shekarar farko, kamarsu ce za ta cakuɗa maka su.