Sensa shida a gidan kajina na Kwannawa: abin da na'urar auna zafi ta yi mini da inda ta gaza

Duk mai kiwon kaji a Sakkwato ya san rabin aikinsa kokawa ce da yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan wuce digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano kuwa abin ya fi haka muni. In hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, sanyin asuba kaɗai ya isa ya sa 'yan tsaki su dunƙule wuri ɗaya su danne juna har wasu su mutu. Wannan ne ya sa na ba da aiki aka haɗa mini na'urar da ke auna zafi a wurare da yawa lokaci guda a gidan kajina da ke wajen Kwannawa. Ta ga bazara, ta ga damina, ta ga hunturu, don haka yanzu ina da abin faɗa wa abokan sana'a da ke yawan tambayata ko ta cancanci kuɗinta.

Ba kaya ba ne da za ka shiga shago ka ɗauko a kwali. Wani matashi da ya karanci lantarki, mai ɗan shagon gyaran inbata da kayan sola a cikin gari, shi ya harhaɗa ta. Ƙwaƙwalwarta wani ɗan allo ne da ake kira ESP32, ƙirar kamfanin Espressif na ƙasar Sin. Masu aunawar kuma sensa ce guda shida samfurin DS18B20, kowace a rufe cikin ɗan bututun ƙarfe da ruwa ba ya shiga, da jelar waya mai launi uku: ja, baƙa da rawaya. Akwai ɗan gilashi a jikin akwatin da ke nuna lambobi, akwai kuma wajen sa layin waya, ta nan take turo mini saƙon tes ina gida a Mabera. Sensa biyu muka sa a babban ɗakin kaji, gabas da yamma, ɗaya a ɗakin renon tsaki, biyu a injin ƙyanƙyasa, sama da ƙasa, ta ƙarshe a firjin rigakafi.

Babban abin da na samu, wanda shi kaɗai ya biya kuɗin, shi ne gane cewa ɗaki ɗaya ba zafi ɗaya gare shi ba. Kowa a cikinmu yana da ma'aunin gilashin nan da ake ratayewa a ƙusa kusa da ƙofa, daidai kan mutum, inda iska ke shigowa. Kaza ba a nan take zaune ba. Tana ƙasa, kan garin katako, cikin 'yan uwanta masu fitar da nasu zafin. Da muka sauke sensa zuwa daidai bayan kaza, sai ga shi tsakanin Azahar da La'asar ɓangaren yamma yana fin gabas da digiri uku, wani lokaci huɗu. Bangon yamma na shan rana, ya riƙe ta, ya ci gaba da sakinta har bayan Magariba. Ka je ka tsaya a wannan kusurwar da ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu: kaji sun buɗe baki suna haki, sun saki fukafukai, wuyansu na kaɗawa, ba mai kallon abinci. Kaza ba ta gumi, da hakin nan kawai take rage zafin jikinta, kuma in ya yi yawa ƙwai na raguwa, ɓawonsa ya yi laushi, manyan buroila kuma su fara faɗuwa. Mun shafe bangon da farar ƙasa, mun kafa zana ta waje da ɗan rata tsakaninta da bangon, mun ƙara mazubin ruwa a can, muka mai da babban ciyarwa asuba da bayan faɗuwar rana. Na dasa dogon yaro a layin, amma wannan sai shekaru. Bambancin ya ragu, kuma da idona na ga lambar tana sauka.

Injin ƙyanƙyasa nan ne na fi jin daɗinta. Ƙwan kaza na son kusan digiri 37.5 har kwana 21. Masu ƙera injinan nan suna tunanin waje ya fi ciki sanyi, shi ya sa suka sa musu abin ɗumamawa kawai. A garinmu da bazara lissafin ya juye: ɗakin da injin ke ciki kansa yana wuce 37.5, injin ya kashe hitarsa amma zafi ya ci gaba da hawa, ba shi da yadda zai yi. Ma'aunin da ke jikin injin wuri ɗaya yake ji. Sensa biyun da muka saka sun nuna tiren sama na fin na ƙasa ɗumi, kuma hakan ya bayyana mini dalilin da ƙwan ƙasa ke jinkirin fashewa. Yanzu muna musanya tire, kuma da zarar sama ta haura 38.5 saƙo ke shigowa, yaron gona ya buɗe tagogi ya rataya jiƙaƙƙen buhu a gaban fanka.

Firji kuwa maganarsa gajera ce. Rigakafin Lasota da na Gumboro ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kwalbar da ta lalace ba ta canza kama, sai cuta ta shigo ka gane ruwa ka ba kaji. Sensar na cikin 'yar kwalbar ruwa don kada buɗe ƙofa ya riƙa tayar da ƙararrawa. In an ɗauke wuta ta daɗe, ina sani kafin a yi asara.

To, ga inda aka sha wuya. A makonnin farko gilashin kan nuna 85 ko kuma -127 haka kawai. Wani dare yaron gona ya kira ni a ruɗe wai ɗakin tsaki ya kai 85. Na kira mai haɗin, ya ce: "Alhaji, kwantar da hankalinka, wanga ba zahi na ba." Bayaninsa gaskiya ne. Ita DS18B20, duk lokacin da wuta ta katse mata ta dawo, 85 ce lambar da take farawa da ita kafin ta yi awo. Ita kuma -127 alama ce ta cewa allon ya nemi sensa bai same ta ba. Asalin matsalar shimfiɗar waya ce. Sensa shidan nan duk kan waya ɗaya suke magana, kowace da lambarta ta daban da aka buga mata tun daga masana'anta, shi ya sa allon ke bambanta su. Dabara ce mai kyau, tana rage kuɗin waya ƙwarai, amma ba ta son a ja wa kowace sensa doguwar wayarta daga akwati kamar rassan bishiya. Haka mai haɗin ya yi da farko, da siririyar waya mai araha. Ya dawo ya cire, ya ja kebul irin na intanet layi ɗaya daga wannan sensa zuwa waccan, ya rage ƙarfin 'yar resistar 4.7k, wato ɗan abin daidaita wuta da ake sa wa layin, ya kuma gyara manhajar yadda ba za ta turo saƙo a kan 85 ko -127 ba sai dai ta ce a duba waya. Bai karɓi ko sisi a kan wannan ba, kuma na yaba masa. Amma aiki ne da ya kamata a yi daidai tun farko, don mai kaji ba ya da daren da zai ba da aro a yi gwaji da shi. Ɓeraye ma sun ci nasu rabon, sai da aka zura kebul ɗin cikin bututun roba.

Sai maganar jabu. Asalin wannan sensa kamfanin Dallas na Amurka ya ƙirƙiro ta, yanzu tana hannun Analog Devices, kuma ta gaske ba ta kuskuren da ya wuce rabin digiri tsakanin -10 da 85. Amma kasuwa cike take da kwaikwayo masu ɗauke da suna iri ɗaya. Kafin a kafa su na sa aka daka ƙanƙara a cikin kula, aka zuba ruwa kaɗan, aka tsoma duka shidan tare ana juyawa. Ya kamata kowace ta sauka kusa da sifili. Biyar sun yi, ɗaya ta tsaya kusan digiri biyu a sama, muka mayar da ita. Araha ba ta ado. Na injin ƙyanƙyasa kuma, inda rabin digiri ma ba wasa ba ne, mun gwada su da ma'aunin zafin jiki na asibiti cikin ruwan ɗumi, domin shi an yi shi ne don wajajen 37 ɗin.

Wani abu da zan ja hankalin mai saye: ka tabbatar sunan da ke kan gilashi na wurin ne da gaske. Lokacin da aka canza sensa ɗaya, jerin ya rikice, "firji" ya koma nuna zafin ɗakin tsaki. Gwajin ba wuya. Ka damƙe bakin ƙarfen a tafin hannunka, wani ya tsaya gaban akwati, cikin ɗan lokaci za a ga lambar da ke motsi. Daga baya mai haɗin ya ɗaure kowane suna da lambar sensarsa a cikin manhaja, abin bai sake faruwa ba.

Ɓangaren saƙo yana aiki, sai dai yana son kulawa. Na'urar layin, SIM800L, kan zuƙi wuta har amfiya 2 a lokacin da take turawa, in batirin ba shi da ƙarfi sai ta kashe kanta ta sake tashi. Dole a ba ta batirinta da ɗan faifan sola, in ba haka ba ranar da aka ɗauke wuta, ranar da ka fi buƙatarta, ita ma ta yi shiru. Layin kuma sai ana sa masa kuɗi. Saƙonnin da Turanci suka zo, na ce a mai da su Hausa tunda yaron da ke kwana a gonar shi zai fara tashi. Yanzu abin da ke shigowa wayarsa shi ne: "Yamma 39, a ƙara ruwa."

Babban giɓinta shi ne ba ta jin laima. Ƙwai a injin na son laimar kusan kashi 55 cikin ɗari, a ƙara ta a kwana ukun ƙarshe, kuma iskar hunturunmu busasshiya ce ƙwarai, tana sa tsako ya maƙale a ɓawo. A watan Agusta kuma digiri 33 mai laima ya fi wahalar da kaza a kan abin da lambar ke nunawa. Wannan sai an ƙara wata sensa daban irin DHT22 ko SHT31, kuma da an gaya mini tun farko da na sa an haɗa gaba ɗaya.

Mai kaji talatin a bayan gida ba ya buƙatar wannan, idonsa ya ishe shi. Amma mai injin ƙyanƙyasa, ko mai renon tsaki da murhun gawayi, ko mai kemis da ke ajiye allurai a firji, ina ba shi shawara ya yi. Ni duka kayan da aikin ba su kai asarar tire ɗaya na ƙwai da garken tsaki guda ba. Abin da ke damuna har yanzu shi ne mutum ɗaya ne ya san abin da ke cikin allon nan. In ya samu aiki a Abuja gobe, wa zai gyara? Na nemi ya rubuta mini lambobin sensa shidan da zanen yadda wayar ta bi, ya yi, na liƙa a cikin murfin akwatin. Kwafin manhajar kuma na ce ya zuba mini a filashi. Ya ce sai ya ƙara ta laimar tukuna, kuma mun yi da shi kafin hunturu ya shigo.