Na biya fam 84 kuɗin talotalo, suka ce sai na sayi leda

Yau kwana biyar da Kirsimeti. Baƙi sun watse, an wanke tukwane, yara sun koma wasanninsu, amma abin da aka yi mini a babban kantin unguwarmu a nan Leeds ya ƙi barin raina. Shekara shida ina cefane a wurin, har masu karɓar kuɗin sun san fuskata.

Tun makon farko na Nuwamba na yi odar talotalon. Surukata ta zo daga Wusasa, wannan ne karon farko da Mama za ta yi Kirsimeti a Ingila, kuma na ƙudura a raina sai ta ci mai kyau. Ban kuma manta 2022 ba, shekarar da murar tsuntsaye ta shiga gonakin ƙasar nan, har masu kiwo suka ce kusan rabin talotalon kiwon sake da aka tanada don Kirsimeti ya mutu ko an kashe shi. A shekarar ce gwamnati ta yarda a yanka da wuri a daskarar, in lokaci ya yi a narkar a sayar. Mu da kaji biyu muka yi bikin. Saboda haka bana ban jira ba. Na zaɓi irin Bronze, kiwon sake, mai nauyin kilo 5 zuwa 6, a kan fam 84. Na ba da kafin alƙalami fam 20, cikon fam 64 sai ranar ɗauka. Na san na firiza bai kai rabin wannan kuɗin ba. Baban yara ma ya faɗa mini haka har sau biyu, na ce a bar ni, ba kullum Mama take zuwa ba.

Ranar 23 ga Disamba suka ba ni, tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe. Na tashi daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi da ƙarfe 8, ko gida ban je ba na wuce kantin. Layi ya kai har wajen da ake jera burodi. Na yi kusan minti 40 a tsaye, ƙafafuna na zogi, ban ce komai ba, don kowa ya san yadda kanti yake cika a irin wannan rana.

Da aka zo kaina, wata yarinya ta duba lambar odata, ta shiga ciki, ta fito rungume da talotalon ta dire mini a kan teburi. A hoton da na gani lokacin oda, cikin kwali mai hannu yake. Wannan kuwa a faranti kawai yake, an naɗe shi da leda mai shara-shara, ruwan jini ya taru a kusurwa ɗaya yana ɗiga. Na biya cikon, na tsaya ina jiran ta saka mini a wani abu. Sai ta ce, "Kina son leda? Kwabo 40 ce."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce mata yanzu na biya fam 84 a kan abin nan, ga shi yana zubar da jini, a hannu zan rungume shi zuwa mota? Ta ce kwalayen sun ƙare tun jiya, ita kuma ba ta da ikon ba da leda kyauta. Ban ga laifinta ba, aiki aka sa ta. Na ce a kira mini manaja.

Ba na adawa da kuɗin leda. Duk wanda ya ga yadda leda take toshe magudanar ruwa a Zariya da damina, ko yadda ake tsintar ta a cikin tumbin saniya a mahauta, ba sai an yi masa wa'azi ba. Na san tun Oktoban 2015 aka fara karɓar kwabo 5 a manyan kantunan Ingila, aka mai da shi kwabo 10 a watan Mayun 2021, aka kuma haɗa da ƙananan shaguna. Na san ledar da manyan kantuna suke rabawa ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun daga lokacin. Ni kaina jakunkunan cefanena suna rataye a bayan ƙofar kicin, ban taho da su ba ne don na sa ran kwali. Amma dokar nan da kanta ta cire ɗanyen nama da ɗanyen kifi da kaji da dangoginsu: ba ta tilasta wa kanti ya karɓi kuɗi a kan ledar da ɗanyen nama kaɗai aka saka a ciki ba. Haka na faɗa wa manajan da ya zo.

Bai musa ba. Cewa ya yi sun daina ajiye ledar kwabo 10 gaba ɗaya, ƙananan da ake saka nama kuma talotalo ba zai shiga ba, saura mai kaurin nan da suke cewa in ta lalace za a canza maka kyauta. Ita kuma kaya ce ta sayarwa kamar kowane kaya, sai an buga ta a na'ura. Wannan ne ya fi ɓata mini rai. Kuɗin ledar kwabo 10 ɗin, gwamnati tana sa ran kanti ya bayar da shi ga ayyukan taimako. Sun janye ta, sun bar mu da mai ninkin kuɗinta huɗu, sannan ranar da su ne suka gaza kawo kwali, ni ce zan biya. Mutanen bayana sun fara tsaki. Na ciro kati na biya kwabo 40.

Ban kai mota ba hannun ledar ya tsinke. Talotalon ya faɗi a jiƙaƙƙen filin ajiye motoci, naɗin ya yage ta gefen cinya, jini ya ɓata mini wandon aiki da takalmi. Wani dattijo Bature ne ya taimake ni muka ɗaga. Na koma ciki da shi a hannu. Sun canza mini ledar ba tare da gardama ba, har suka ba ni biyu. Talotalon kuwa suka ce babu wani, duk wanda ke ciki yana da mai shi. In ina so a mayar mini da kuɗina. Saura kwana biyu Kirsimeti, ina zan samu wani? Na ɗauki abina na tafi. A mota na yi kuka, gajiya da takaici suka haɗu.

Maganar gaskiya, naman ya yi daɗi. Na yanke fatar da ta taɓa ƙasa, na shafe shi da gishiri da citta da tafarnuwa da yajin da Mama ta taho da shi, ya kwana a firji. Da aka gasa, ƙirjin bai bushe ba kamar na firiza da muka saba, cinyar kuwa tana da danƙo irin na zakaran gida. Romon da ya tsatso da shi na yi dafa-duka, ko ƙwaya ba ta saura ba. Mu goma sha ɗaya muka ci, har da 'yan cocinmu biyu da ba su da kowa a nan. Mama ta ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka, rabona da nama irin wannan tun Babanku na raye." A lokacin na ji kamar fam 84 ɗin bai tafi a banza ba, har na ce wa Baban yara baɗi ma a nan zan yi oda.

Sai washegari ina gyara kicin na tsinci takardar da ke manne a farantin. Kilo 5.04. Farashin ɗaya ne ko kilo 5 aka ba ka ko 6, ni aka ba ni na can ƙasa. Lissafi ya nuna kilo ɗaya ya tasam ma fam 17. Da an ba ni mai kilo 6, da fam 14 ne. Ba su karya alkawari ba, na sani, amma bayan kwali babu, bayan kuɗin leda, wannan ma ya zama ƙari.

Ga kuma kayan ciki. A rubuce yake cewa zai zo da su. Ranar da nake gyara shi na zura hannu har wuyan hannu, babu wuya, babu hanta, babu ƙundu. Ina ta hidima ban ɗauki abin da zafi ba, sai da aka zauna cin abinci Mama ta ɗaga murfin kwano tana dubawa, ta ce, "Ina ƙundun maigidan?" A gidansu ba a yanka tsuntsu a rasa ajiye wa maigida ƙundu. Na ce, "Mama, haka suka ba ni." Ta yi shiru, ta mayar da murfin. Ba ta sake maganar ba, amma na ga ta ɗauka kamar ni ce ban san ya kamata ba, kuma wannan ya fi jinin da ya ɓata mini takalmi ciwo.

Na rubuta musu ƙorafi ranar 27, na haɗa da hoton takardar nauyin da na yagaggen naɗin. Amsar ta zo da sauri: suna ba da haƙuri, sun saka mini fam 5 a katin cefanena, wanda sai a kantinsu zan iya kashewa. Ba su ce uffan a kan kwalin ba, balle kwabo 40.

Da na zo ba su maki, tauraro biyu cikin biyar na ba su, duka biyun kuma na manomin da ya yi kiwon ne. Akwai wani mahauci a unguwar Harehills a nan Leeds da maƙwabciyata take sayen nata a wurinsa, a gabanka yake aunawa, ya ƙulle maka kayan ciki daban. Na riga na karɓi lambarsa.