Sharhi kan Devcon 2 Ton wajen rufe kifin katako na fatsa

Duk mai sassaƙa kifin katako domin yaudarar kifi a fatsa ya san cewa fenti kaɗai ba ya jure ruwa da duwatsu da haƙora, dole sai an lulluɓe shi da wani abu mai garai-garai wanda zai kare shi ba tare da ya ɓoye launinsa ba. Matsalar ta daɗe. Lauri Rapala, masuncin ƙasar Finland da ya sassaƙa kifinsa na farko a 1936, takardar gwangwani ta naɗe cakulan ya manna a jikinsa, sannan ya narka fim ɗin hoto ya shafe shi da shi. A yau masu wannan sana'a sun fi dogara da gam ɗin efoksi, kuma wanda na jima ina aiki da shi shi ne Devcon 2 Ton, a kan kifayen da nake jefa wa tsage da giwan ruwa a tafkin Kainji.

Gam ne mai ruwa biyu, ɗaya shi ne ainihin gam ɗin, ɗayan kuma shi ke sa shi daskarewa, ana haɗa su daidai wa daida. Asalinsa na liƙa kaya ne, masu sassaƙa ne suka gano cewa yana kwanciya sumul idan an shafa shi da buroshi. Ana samunsa a tagwayen sirinji da kuma a kwalabe biyu. Na fi son na kwalba saboda ya fi araha idan aikin yana da yawa, amma sai mutum ya tanadi sirinji biyu na awo, kowane ruwa da nasa, domin idan awon ya karkace ko gaurayawar ba ta yi ba, jikin kifin zai zauna da danƙo, kuma jira ba ya gyara shi. Maganinsa kawai a sake haɗa wani daidai a shafa a kai.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne kaurinsa. Shafa ɗaya ta ishi ƙaramin kifi ko matsakaici, tana cike ƙananan ramukan da takardar goge katako ta bari, tana kuma fito da zurfin fenti har zanen ɓawon kifi ya yi kamar yana ƙarƙashin gilashi. Envirotex Lite, wani efoksin da shi ma na gwada, ya fi shi ruwa-ruwa kuma ya fi ba da lokacin aiki, sai dai yana buƙatar shafa biyu ko uku da juya kifin a kan inji na sa'o'i masu yawa don kada gam ɗin ya gangara, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kimanin kwana uku. Mai yin manyan kifaye da yawa a lokaci guda zai iya fifita shi. Ga wanda ke yin biyu ko uku da yamma bayan ya tashi daga aiki, Devcon ya fi sauƙin sha'ani, tunda washegari ana iya sa wa kifin ƙugiya.

Batun lokaci yana buƙatar bayani, domin a nan ne yanayinmu ke sauya lissafi. A jikin kwalin an rubuta minti 30, amma wannan lokacin liƙa abu ne, lokacin da gam ɗin ke bin buroshi ya fi haka gajarta sosai. Kowane efoksi yana saurin kamawa idan da zafi, saboda haka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba na haɗa abin da ya wuce na kifi biyu, kuma da asuba nake yi. Zuba shi a faffaɗan wuri, kamar gindin gwangwanin lemo da aka kife, yana ƙara ɗan lokaci, saboda idan ya taru a ƙaramin kofi zafin da yake fitarwa da kansa ne ke gaggauta shi. Ɗigo kaɗan na sifirit yana sassauta shi, amma idan ya yi yawa rufin yana yin laushi. Hunturu kuwa nasa ƙalubalen daban ne: sanyi yana sa gam ɗin ya yi kauri ya riƙe kumfa, ƙura kuma tana sauka a kansa kafin ya kama. Nakan ɗumama kwalaben a ruwan ɗumi, in kifa kwali a kan injin juyawa.

Shi wannan inji ba a iya tsallake shi. Idan aka rataye kifin haka nan, gam ɗin zai gangara ya taru a wutsiya. Nawa da motar tsohuwar na'urar ɗumama abinci na haɗa shi, wadda ke juyawa sau biyar ko shida a minti, kuma sa'a ɗaya zuwa biyu ta wadatar. Kafin shafawa wajibi ne fenti ya bushe sarai kuma kada hannu ya taɓa shi, domin maiƙon yatsa yana sa gam ɗin ya guje wa wurin ya bar ɗan rami. Safar hannu tana maganin wannan, tana kuma kare fata, tunda yawan taɓa efoksi kan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje waɗanda ba sa barin mutum da sauƙi.

Akwai wasu halaye na efoksi da mai saye ya kamata ya sani. Yana janyewa daga kaifin kusurwa, don haka duk gefen da ba a dakusar da kaifinsa da takardar goge katako ba zai fito da siririn rufi, kuma daga nan ɓarewa ke farawa. Yana kuma ƙara nauyi, wanda ba a ji a babban kifi, amma a ƙarami mai yawo a saman ruwa yana iya sauya yadda yake rangaji. Farin fenti ma yakan ɗan yi rawaya idan ya daɗe a rana, ko da yake ni wannan bai taɓa damuna ba, kifi kuwa bai nuna ya damu ba. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne efoksi mai kamawa cikin minti biyar da ya cika shagunan kayan gini, wanda ba ya ba da damar kwanciya kuma ba ya jimirin zama a ruwa.

A gaban haƙoran tsage, kada kowa ya sa ran kifinsa zai dawo yadda ya tafi. Tsage yana karce rufin, ƙugiyoyi ma suna cin gefen ciki a hankali. Abin da na lura shi ne yawancin karcen ba ya kaiwa ga katako, musamman idan an fara toshe katakon da siririn shafe kafin fenti, kuma gyaransa bai wuce a goge wurin a sake shafawa ba. A giwan ruwa, wanda haƙoransa ƙanana ne, rufin yana daɗewa ƙwarai. Zan ci gaba da sayen na kwalba, kuma manyan kifayen da nake nufin tsage da su shafa biyu nake yi musu.