A Ingila kuɗi ba sa sayen kafso

Yaya, abin da ya fi bambanta harkar magani a nan shi ne wahalar samun kafso, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta (antibayotik). Ko nawa ka riƙe a hannu, mai kantin magani ba zai miƙo maka Amoxicillin don kawai ka nema ba. Paracetamol kam har a manyan kantuna ana sayar da shi, amma shi ma ba sa yarda ka wuce fakiti biyu.

Ga yadda ake yi idan aka kai yaro da ciwon maƙogwaro. Likita zai haska 'yar fitila ya leƙa ko akwai mugunya, ya tambaya ko an yi zazzaɓi, ko akwai tari, kwana nawa da farawa. Kowace amsa tana da maki, makin ne zai nuna ko a ba da magani. Yawanci sallamar mutum ake yi da shawarar hutu, shan ruwa da maganin rage zafi, domin mura da galibin tari bairos ne ke kawo su, kafso kuwa bakteriya kaɗai yake kashewa. Za su gaya maka ƙarara cewa ciwon maƙogwaro kan ɗauki mako guda, tari kuma har mako uku. Wata dabararsu ta burge ni: a rubuta maka takardar magani, amma a ce ka ajiye ta, kada ka karɓo sai in bayan 'yan kwanaki abin bai lafa ba. Da yawa takardar a aljihu take tsufa.

Tsarin yana da nasa ciwon kai. Kafin ka ga likitan unguwa sai ka bi layin waya tun ƙarfe takwas na safe, wani lokacin a ce gurbi ya cika. Uwar da ɗanta ya kwana yana kuka da kunne ba bayanin bakteriya take son ji ba. Don rage wannan cunkoso ne tun Janairun 2024 aka ba masu harhaɗa magani izinin duba cututtuka bakwai, ciki har da ciwon kunne, ciwon maƙogwaro da ciwon mafitsara na mata. Su ma sai sun duba ka, in alamun ba su cika ba, hannu rabbana za ka fito.

Tsoron nasu ba na banza ba ne. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a Landan a 1928, tun 1945 ya yi kashedin cewa shan maganin da bai kai ƙa'ida ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Mu ke nan, Yaya. Ciprofloxacin da muke haɗiya da zarar ciki ya murɗa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin rukunin da ake taka-tsantsan da su.

Ko ragowar magani ba a ajiye wa wani a nan. Kantin magani ake mayar da ita su lalata.