Manyan Gidajen Abinci a Ƙasar Sin: Wace Tsada Ce Ta Cancanci Biya?

Ɗan kasuwar da ke zuwa Guangzhou saro kaya, ko mai halartar bikin baje kolin Canton da ake yi duk watan Afrilu da Oktoba tun daga 1957, yakan iya ƙare tafiyarsa kaf bai ci komai ba sai taliyar Lanzhou da gasasshen naman rago a unguwar Xiaobei, kuma babu laifi a cikin hakan. Amma akwai ranar da hulɗa za ta yi ƙarfi har ya zama dole ya karrama mai masana'antar da ke ba shi kaya, ko kuma ya zo da iyali yana son su ɗanɗani abin da Sinawa da kansu ke alfahari da shi. A ranar ce zai tarar da cewa kwanon taliyar da ya saba saye ƙasa da yuan 30 na kuɗin Sin yana gari ɗaya da teburin da mutum guda zai kashe fiye da yuan 1,000 a zama ɗaya. Abin da ya kamata ya sani kafin ya zauna shi ne, tsadar babban gidan abinci ba iri ɗaya ba ce: akwai wadda ake biya saboda aikin hannu da sabuntar kayan girki, akwai wadda ake biya saboda ƙarancin abin da aka dafa, akwai kuma wadda ake biya saboda ɗaki da suna. A ganina ta farko ce kawai ta cancanci kuɗin mutum a kowane lokaci.

Gasasshiyar agwagwar Beijing ita ce misali mafi bayyana na tsadar da ke da hujja. Kafin ta iso tebur, ana hura iska tsakanin fata da tsoka domin su rabu, a watsa mata tafasasshen ruwa, a shafe ta da ruwan zaƙi, sannan a rataye ta ta bushe na tsawon sa'o'i masu yawa, galibi har ta kwana, kafin a gasa ta kusan sa'a guda. Gidan Quanjude, wanda aka kafa a 1864, yana rataye agwagin a buɗaɗɗen tanderu a kan wutar itacen 'ya'yan itatuwa irin su magaryar Sin, yayin da gidan Bianyifang, wanda ke danganta asalinsa da shekarar 1416, yake gasa nasa a rufaffen tanderu da zafin bango ba tare da harshen wuta ya taɓa naman ba. Kuku ne ke zuwa gaban baƙi ya yayyanka ta, a ci da siririyar waina da albasa mai lawashi da kokwamba da miya mai zaƙi, ƙashin kuma a yi romo da shi. A sanannun gidaje agwagwa ɗaya takan kama tsakanin yuan 200 da 400, kuma tana isar mutum uku ko huɗu idan an haɗa da ganye da awara. Wannan aiki ne da ba ya yiwuwa a ƙaramin shago mai murhu ɗaya, saboda haka kuɗin da aka biya ya tafi inda harshe zai shaida, kuma a nan ne maganar Hausawa ta sayen nagari mai da kuɗi gida take aiki.

Haka abin yake ga girkin Kanton, wato na Guangzhou da Hong Kong, wanda ginshiƙinsa shi ne kada a ɓoye ɗanɗanon abin da aka dafa. Kifin da aka ciro da rai daga tankin ruwa aka turara shi da citta da albasa ba ya yafe kuskure, domin ƙarin mintuna biyu a kan tururi ya isa ya mayar da tsokarsa kamar auduga. Ganyen da aka soya a kasko mai zurfi a kan wuta mai tsananin ƙarfi yana fitowa da wani ƙamshin hayaƙi da murhun gida ba ya iya bayarwa, kuma ƙananan ƙunshe-ƙunshen dim sum da ake ci da shayi suna buƙatar hannun da ya shekara yana naɗe su. Wanda yake son ya gwada ƙwarewar babban gida ba tare da ya yi wa aljihunsa illa ba, ya je da rana lokacin dim sum, domin ɗakin girki ɗaya ne da na dare, amma kuɗin yakan yi ƙasa ƙwarai. Yana da kyau kuma ya tambaya ko a nan take ake dafa abin da ya zaɓa, domin a 'yan shekarun nan Sinawa kansu sun yi ta ƙorafi a kan gidajen da ke karɓar kuɗin sabon girki alhali ɗumama abincin da aka dafa a wata masana'anta suke yi.

Nau'i na biyu na tsada shi ne wanda baƙo ya fi faɗawa tarkonsa, domin a shafukan farko na jerin abinci ake jera shi da manyan hotuna. A nan za a ga busasshen abalon, wanda wani dodon koɗin teku ne, da wata halittar teku mai siffar kokwamba, da sheƙar tsattsewa, da fiffiken kifin shak, da busasshiyar jakar iskar cikin kifi. Sheƙar tsattsewa yawun tsuntsun ne da ya daskare, akasari daga Indonesiya da Malesiya ake kawo ta, kuma tsince gashin da ke cikinta da hannu aiki ne mai cin lokaci. Jakar iskar kifi kuwa har daga Afirka ake saro ta, musamman ta giwan ruwan tafkin Biktoriya, wadda a da masunta ke zubarwa da kayan ciki kafin kasuwar Hong Kong ta mayar da ita abin nema. Abin da ya haɗa yawancin waɗannan shi ne kusan ba su da ɗanɗano na ƙashin kansu, romon da aka dafa su a ciki ne ke ba su daɗi, kuma Sinawa suna darajanta su ne saboda santsinsu a baki, da imanin cewa suna gina jiki, da kuma girmamawar da ajiye su a gaban baƙo ke nunawa. Wanda ya tashi cikin wannan al'ada yana da dalilin biya, amma Bahaushen da bai saba da ita ba zai iya kashe kuɗin agwagi biyar a kan ƙaramin kwano guda ya tashi yana tambayar kansa me ya ci. Fiffiken shak kuwa ban ga uzurin sayensa ba ko kaɗan, ganin irin ɓarnar da cinikinsa ke yi wa tekuna, har gwamnatin Sin ma ta hana kawo shi a liyafar hukuma tun ƙarshen 2013.

Ga Musulmi akwai matsalar da ta fi ta kuɗi girma, kuma abin takaici shi ne tana ƙaruwa ne yayin da gidan ke ƙara daraja. Babban romon da manyan kukun Kanton ke tinƙaho da shi ana dafa shi ne da tsohuwar kaza da naman alade da busasshiyar cinyar alade ta Jinhua, kuma da wannan romon ake dafa abalon da fiffiken shak, har ma da wasu ganyayen da a ido ba su da alaƙa da nama. Ana sa kitsen alade a cikin ƙullin dim sum na jatan lande da wasu kayan zaƙi, giyar girki ta Shaoxing kuma tana shiga abinci da dama. Saboda haka cewa ma'aikaci kada a sa naman alade ba ya wadatarwa, domin shi a fahimtarsa tsokar da ake gani ake nufi, ba romo ko kitse ba. Agwagwar manyan gidajen da na ambata ma ba a shelanta cewa yankan Musulmi ce ba.

Wannan ne ya sa zaɓin da na fi ba wa muhimmanci shi ne manyan gidajen abincin Musulmin Sin, waɗanda ake gane su da alamar 清真, wato qingzhen, sau da yawa a kan koren allo. Ya kamata a haddace siffar waɗannan haruffa biyu, domin a shekarun baya-bayan nan an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna da yawa. A Beijing akwai Hongbinlou, wanda aka kafa a Tianjin a 1853 aka dawo da shi babban birnin a 1955, kuma ya yi suna wajen dafa wutsiyar sa. Akwai Donglaishun, wanda ya faro a 1903, inda ake ajiye tukunyar tagulla mai gawayi a tsakiyar tebur, mai ci ya riƙa tsoma yankakken naman rago mai sirantaka kamar takarda a cikin tafasasshen ruwa yana dangwala miyar riɗi. Gidajen Ziguangyuan suna gasa agwagwar halal, kuma titin Niujie, inda tsohon masallacin birnin yake, cike yake da gidajen da mazauna unguwar ke yin layi a ƙofarsu. A Guangzhou akwai Huimin Fandian a titin Zhongshan na shida, ba nisa da masallacin Huaisheng, inda ake yin girkin Kanton da naman halal, a Hong Kong kuma ɗakin cin abinci na masallacin Ammar da ke Wan Chai yana yin dim sum na halal a farashi mai sauƙi. Waɗannan gidaje ba su kai na manyan otal-otal ƙyalli ba, amma abokin ciniki Basine ba zai ga an ƙasƙantar da shi ba idan aka kai shi Hongbinlou ko Donglaishun, domin tsofaffin sunaye ne da shi ma ya sani. Sai dai a lura cewa wasu daga cikin gidajen qingzhen suna sayar da giya ga mai so, alamar ta shafi nama ne da ɗakin girki.

Nau'i na uku shi ne kuɗin ɗaki da suna. Tun da littafin Michelin, mai ba fitattun gidajen abinci tauraro ɗaya zuwa uku, ya shiga Shanghai a 2016, Guangzhou a 2018, Beijing kuma a 2019, tauraro ya zama abin da gidaje ke ƙara farashi da shi. Tauraron yana nuna cewa girkin yana da inganci kuma ba ya canzawa daga yau zuwa gobe, amma ba ya nufin dole a yi tsada, domin Tim Ho Wan na Hong Kong ya samu nasa yana ƙaramin shagon dim sum mai araha. Gidan King's Joy da ke kusa da haikalin Yonghe a Beijing, wanda ba ya dafa nama, ya taɓa kaiwa taurari uku, kuma yana iya dacewa da mai gudun nama idan ya tabbatar ba a sa giya a abin da za a kawo masa ba, ko da yake kuɗinsa na da nauyi. Keɓaɓɓen ɗaki mai zagayayyen tebur yana da amfani na gaske idan ciniki za a ƙulla, domin a al'adar Sinawa wurin da aka zaunar da baƙo yana faɗa masa matsayinsa kafin a buɗe baki. Idan kuwa iyali ne ko abokan tafiya, babban zaure ya wadatar, abincin daga kasko ɗaya yake fitowa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke kumbura lissafi ba tare da mutum ya ankara ba. Gidajen cikin otal sukan ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na hidima, a Guangzhou kuma akan caji kuɗin shayi a kan kowace kujera, ko an sha ko ba a sha ba. Wasu gidaje suna gindaya mafi ƙarancin abin da za a kashe a keɓaɓɓen ɗaki duk da cewa ƙa'idar ma'aikatar kasuwanci ta hana hakan tun 2014, don haka a tambaya tun lokacin kama wuri. Giyar Moutai, wadda aka sa farashin kwalbarta na hukuma a kan yuan 1,499 a 2018, tana iya rinjayar kuɗin abincin gaba ɗaya, kuma Musulmin da ya shirya liyafa yana da damar bayyana tun farko cewa da shayi za a yi gaisuwar ɗaga kofi da aka saba yi da giya, abin da Sinawa suka sani kuma suke karɓa. Mafi haɗari shi ne kifi da kaguwa da jatan lande masu rai, waɗanda ba a rubuta musu farashi sai a ce kuɗin kasuwar ranar, kuma ana auna su da jin, wato rabin kilo, ko da liang, wato giram 50. A watan Oktoban 2015 ƙasar ta ɗauki zafi a kan wani gidan abinci a Qingdao da ya caji baƙi yuan 38 a kan kowane jatan lande guda, alhali sun ɗauka kuɗin faranti ne. Kafin a kai kifi ɗakin girki, a nemi a auna shi a gaban ido, a rubuta jimillar kuɗinsa a takarda.

Hanya mafi sauƙi ta kwatanta gidaje kafin a fita daga masauki ita ce manhajar Dianping, wadda ke nuna matsakaicin abin da mutum ɗaya ke kashewa a kowane gida tare da hotunan da masu ci suka ɗauka da kansu, kuma ana iya neman gidajen qingzhen kaɗai a cikinta. Wajen oda, ƙa'idar da Sinawa ke bi ita ce kwano ɗaya ga kowane mutum da ƙarin ɗaya ko biyu, a gauraya mai sanyi da mai zafi, nama da kifi da ganye da miya. Ya fi kyau a zuba kuɗin a kan abu guda da gidan ya shahara da shi, agwagwa ce ko kifi ko rago, sauran kuma su zama masu sauƙi irin awara da ganye da shinkafa. Dokar hana almubazzaranci da abinci ta 2021 ta ba gidaje damar cajin wanda ya bar ragowa mai yawa, kuma ba abin kunya ba ne a ce a ƙunshe abin da ya saura a tafi da shi masauki.