Butar Moka Express ta Bialetti: abin da take iyawa da inda take ba da wahala

Sunan wannan buta ya girme ta nesa ba kusa ba. Moka, ko al-Makha, tashar jiragen ruwa ce a Yaman, a gaɓar Bahar Maliya, kuma ta nan gahawa ta daɗe tana fita zuwa duniya. Asalin itacen daga tsaunukan Habasha yake, amma sufayen Yaman ne aka fara sani da dafa shi a ƙarni na 15, don ido ya bushe a zikirin dare. Daga can ta bi Makka da Alƙahira, ta isa Istanbul wajen 1555, 'yan kasuwar Benis suka shigar da ita Italiya. A Italiyar ne, a 1933, Alfonso Bialetti ya ƙera wannan buta ta alminiyum mai kusurwa takwas. Ɗansa Renato ne ya baza ta kasuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har ma da ya rasu a 2016 a cikin wata babbar Moka aka zuba tokar gawarsa.

Gida uku gare ta. Na ƙasa tukunyar ruwa ce, da ɗan bawul na tsaro a gefenta, wato mafitar tururi idan matsi ya yi yawa. A bakinta ake zura mazurarin da ke ɗaukar garin gahawa. Na sama shi ke tara abin da ya dahu, a ƙarƙashinsa kuma akwai rariyar ƙarfe da zoben roba. Idan ruwa ya ɗau zafi, tururi da iskar da ke ciki sai su danna shi, ya haura ta cikin garin, ya ɓullo ta bututun da ke tsakiyar gidan sama. Babu lantarki, babu takardar tacewa.

A nan masu talla kan yi wa mai saye dabara. Sunan Express ya sa wasu ke zaton espresso za su samu, wato gahawa mai kauri da inji ke matsowa da ƙarfi. Injin espresso yana aiki da matsin bar 9 (bar ma'aunin matsi ne), wannan kuwa tsakanin 1 da 2 take tsayawa. Gahawarta tana da kauri da ƙarfi, tana jure madara ba tare da ta salance ba, amma kumfar nan mai ruwan zuma da ke kwanciya a kan espresso, kada ka sa rai.

Girmanta ma yana ruɗar mutane. Lambar da ke jikin kwalin, 3 ko 6 ko 9, ƙananan finjalai na Italiya take nufi, kowanne bai wuce mililita 50 ba. Mai lamba 3 tana cin garin gahawa kimanin giram 15 zuwa 17, ta ba ka abin da bai kai cikin kofin shayi ɗaya ba. Kuma ba a dafa rabi a cikinta: in mazurarin bai cika ba, ruwan zai ratsa da sauri, ya fito tsululu. Saboda haka a sayi daidai abin da ake sha a zama ɗaya, ba babba don ranar baƙi ba.

Wajen dahuwa, a zuba ruwa ya tsaya ƙasa da bawul ɗin, kada ya rufe shi. Ruwan da aka riga aka tafasa ya fi, domin butar ba za ta daɗe a wuta har garin ya gasu ba, sai dai a riƙe gindin da tsumma wajen ɗaurewa. Niƙan ya zama kamar gishiri mai laushi. Idan ya yi laushin fulawa zai toshe hanya, bawul ya fara huci; idan ya yi tsaki-tsaki, ruwa-ruwa za a sha, ga tsami. A cika mazurarin, a baje da yatsa, kada a danna. A share bakinsa tsaf, don ƙwaya biyu-uku a kan zoben roba sun isa su sa tururi ya riƙa tsiyaya ta gefe.

Wuta ita ce babbar jarrabawa. A sa ta ƙasa-ƙasa, harshenta kada ya wuce faɗin gindin, in ba haka ba mariƙin roba ne zai narke. A bar murfin a buɗe a zuba ido. Da farko za ta fito baƙa wuluk, tana gangarowa a hankali jikin bututun kamar zuma, sannan launin ya fara washewa zuwa ruwan ƙasa mai haske. Da zarar ta fara tofi da gurnani, a sauke, a tara gindin a ruwan sanyi. Abin da ke fitowa bayan nan tururi ne mai ƙuna, kuma shi ne tushen ɗacin da ake ɗora wa butar laifinsa.

Alminiyum ɗin yana da nasa sharuɗɗan. Dahuwa biyu ko uku na farko zubarwa ake yi. Injin wanke kwanuka yana dusar da shi ya koma toka-toka, don haka ruwan ɗumi da hannu kawai. Idan aka ɗaure ta da danshi aka ajiye, farin tabo zai fito a cikin tukunyar. Ba ta kuma aiki a murhun lantarki mai maganaɗisu. Mai irin wannan murhu sai ya nemi Venus, ta baƙin ƙarfe marar tsatsa, daga kamfanin. Zoben roba kan bushe ya tsage bayan kamar shekara guda ana aiki da shi kullum, amma ana sayar da shi daban tare da rariyar, a canza cikin minti biyu. Inda ruwa ke da gauri, a riƙa wanke tukunyar da ruwan khal lokaci-lokaci, a kuma motsa ɗan tsinken bawul ɗin a tabbatar bai ƙage ba.

Ga mai son gahawa mai ƙarfi, wanda zai iya tsayuwar minti biyar a gaban murhu, ta cancanci saye. Mai ɗora abu a wuta ya tafi wata hidima, gara ya nemi French press, butar da ake jiƙa garin a ruwan zafi sannan a danna rariya a tace.