Filta da f/22 ko haɗa hotuna uku a kwamfuta?

Ɗan uwa, ka ce ka je Dutsen Zuma dab da magariba da lensi 16mm, sama ta fito fari fat, ƙasa baƙi ƙirin, ciyawar gabanka kuma dishi-dishi, shi ne kake tambaya ko ka sayi filta mai rabin duhu, wato gilashin da ake sawa a gaban lensi, ka matse ƙofar haske zuwa f/22 don ciyawar ta fito tas, ko ka koyi haɗa hotuna. To ai ciwo biyu ne ka kawo, kowanne da maganinsa.

Mu fara da haske. Ita filtar nan samanta duhu ƙasanta garau, layin kuma miƙaƙƙe ne. In kana bakin dam ɗin Tiga inda ruwa da sama suka haɗu a layi ɗaya, wallahi ba ta da na biyu, ɗauka ɗaya ka gama ka tafi gida. Amma Zuma ai ya kutsa cikin sama ne, duk yadda ka saita filtar sai ta baƙanta kan dutsen, ya fito kamar an ɗora masa hula. Nan ne haɗawa ta fi, ka kafa kyamara kan sanda mai ƙafa uku, ka ɗauki uku, ɗaya a -2 ɗaya a 0 ɗaya a +2, wato mai duhu da madaidaici da mai haske, gudun shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, shi kawai za ka riƙa canzawa kar ka taɓa f ɗin, in ka taɓa shi zurfin fokas, wato iyakar wurin da ke fitowa tas, zai bambanta hotunan su ƙi zama a kan juna. Manhajar gyaran hoto ta Lightroom za ta haɗa maka su. Matsalarta iska, ciyawa na kaɗawa sai ka ga inuwa biyu-biyu a hoton, wani lokaci sai ka koma manhajar Photoshop ka goge da hannu, kuma aikin nan yana cin rai ba kaɗan ba.

Maganar fokas kuwa, f/22 ɗin nan ka rabu da shi. Ƙofar in ta ƙanƙance da yawa haske yana watsewa a bakinta, hoton gaba ɗaya ya yi laushi, ga shi duk ƙurar da ke kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, sai ta fito ɗige-ɗige a sama, wanda ya taɓa canza lensi lokacin hunturu ya san abin da nake nufi. A kyamara mai cikakkiyar sensa, wato mai girman fim ɗin 35mm, 16mm a f/11 in ka sa fokas wajen santimita 80, daga kusan santimita 40 har ƙarshen gani duk zai fito tas. Sai in akwai fure ko tsakuwa da ta fi haka kusa ne za ka ɗauki hoto biyu ko uku, kowanne da fokas daban, ka haɗa.

Ni dai da ni ne, kuɗin filtar zan ƙara in sayi sanda mai nauyi wadda iska ba ta girgizawa.